Kalmar Rumawa da Takalmin Aissa

Lahadi, 8 ga Janairu, bayan la'asar

Nafissa ta rubuta a guruf ɗinmu na waya cewa a rufe Zumunta. Da Larabci ta fara, ta sake da Hausa saboda irinmu, har da hoton fure a ƙarshe. Wai ranar Alhamis kowa ta danna eh ko a'a, shi kenan, a kai tukwane da likkafanai gidan sadaka.

Shekara arba'in da ɗaya Zumuntar Matan Karantina, tsohuwar unguwarmu a Jidda, na wanke matanta in sun mutu, tana zaman makoki kwana uku, tana dafa wa gidan rasuwa abinci. Ni Aissa shekara goma sha tara ina mai kiranta: in an yi rasuwa ko za a yi taro, ni ke bi gida gida in yi sallama in faɗa. Yanzu yarinyar da na ci shinkafar sunanta za ta kashe mana ita da ɗan yatsa, don kawai ita ta iya buɗe guruf.

Ta ce dalili kowa ta sani, "bayan abin da ya faru da Inna Mariyamu." Ba ta ambaci sunana ba. Ba sai ta ambata ba.

Na wanke labulaye, ko datti ba su yi ba.

Litinin, 9 ga Janairu, da hantsi

Ban taɓa wayar ba.

Talata, 10 ga Janairu, bayan azahar

Yau na samu makami, kuma a cikin kwali na same shi.

Tun da aka rushe Karantina muka dawo unguwar Mahjar akwai kwali biyu da ban buɗe ba. Ina neman abin da zan sa hannu a kai, na buɗe ɗaya. Littattafaina ne na lakwal, makarantar bokonmu ta Damagaram, da tsohon ƙamus ɗin Faransanci wanda bangonsa ya rabu da shi tun kafin in yi aure. Ina juya littafin darasin tarihi sai ga rubutuna na 'yar shekara goma sha biyar, da jan layin malaminmu Mushe Ismaël a ƙarƙashin wata kalma. Allah ya jiƙansa, mutumin da ke tofa mana yawu in ya zo kan Rumawa saboda daɗi.

Da Faransanci comices ake cewa, amma aro suka yi. Asalinta Latin ce, harshen tsofaffin Rumawa: comitia, ana faɗa komitiya. Taron jama'ar birnin Rum ne, inda suke zaɓen shugabanni su yanke dokoki. Kalma biyu aka haɗa: com, wato tare, da ire, wato tafiya. Tafiya tare. Filin da suke tsayuwa kuma sunansa comitium.

Na zauna a ƙasa da littafin a cinya. Mutanen da suka mallaki rabin duniya, da suka tashi raɗa wa majalisarsu suna, ba su kira ta wurin magana ba, ba su kira ta wurin masu ilimi ba. Tafiya suka kira ta. Kuma ga shi a darasin, abu uku da na rubuta da lamba. Wanda bai zo da ƙafarsa ba ba shi da murya, ko shi wane ne. Sai an sanar da taro kasuwa uku kafin ranar. Kuma ba kai ake ƙirgawa ba, unguwa ake ƙirgawa: kowace unguwa ta daidaita a cikinta ta fito da murya ɗaya, kuma ko mutum ya ƙaura, unguwarsa ta asali ce tasa.

Maigidana Malam ya dawo daga ɗauko 'yan makaranta a motarsa na karanta masa. Ya ce, "Kwamiti kenan." Na ce ba danginsa ba ne, na duba. Ya ce, "To a ba ni abinci da Latin ɗin." Bai san abin da na riƙe ba.

Laraba, 11 ga Janairu, kafin magariba

Na ci nasarar farko, kuma zan rubuta ta dalla dalla don in riƙa karantawa.

Na je gidan Hajiya Hind, wadda ita ce babbarmu yanzu, na sa aka kira Nafissa. Ta zo da kayan aikinta na asibiti a ƙarƙashin abaya, tana duba agogo.

Na ce ba a rufe Zumunta a waya. In za a rufe, a taru, kowane lungu na Karantina ya faɗi murya ɗaya kamar yadda ake yi tun farko.

Ta ce, "Ya Khala Aissa, wallahi ina girmama ki, bas fen lungu, ina lungun yake? Ki je ki gani, fili ne. Mu talatin da huɗu mun watse a Jidda, wata a Ammariyya, wata a bayan gari. Khalas, shi kenan, zamani ya canza."

Sai na buɗe littafina. Na ba ta Rumawa daga farko har ƙarshe, na tsaya a kan na uku na maimaita: ko gidanka ya tashi, unguwarka ba ta tashi. Na ce arna ma da ba su san Allah ba sun gane wannan shekara dubu biyu da suka wuce.

Ta ce, "Khala, Rumawan nan mata na shiga taronsu?"

Na ce ba sa shiga, shi ya sa mulkinsu ya ƙare. Wannan ba ya cikin littafin, ni na ƙara.

Hajiya Hind ta yi dariya har ta yi tari. Da ta huta ta ce, "Ni ban san Rumawa ba. Amma Mariyamu ce ta kafa Zumunta, kuma a wurinta lungu ke magana. Juma'a uku za a ba kira. Asabar ashirin da takwas, bayan la'asar, a nan tsakar gidana. Wadda ba ta zo ba ba ta da baki." Sai ta dube ni. "Ke kuma Aissa, da ƙafa."

Da ƙafa. Ta faɗa a hankali, ta daɗe tana kallona. Nafissa ta dubi ƙasa.

Abu ɗaya na yi na wauta. Daɗi ya ɗebe ni na ƙara musu cewa Rumawa in aka yi tsawa ranar taro sai su watse, wai muguwar alama ce. Nafissa ta ce, "Haka ne?" ta yi wani murmushi. Watan ruwa muke ciki. Bakina ba ya jin magana.

Juma'a, 13 ga Janairu, da safe

Na rubuta gidajen a takarda bisa lungunanmu biyar: Lungun Tanki, Lungun Maɗinka, Lungun Masu Tsire, Bayan Masallaci, da namu, Lungun Inna. Namu mu uku muka rage: ni, da Ruba, da Fatsuma 'yar Inna Mariyamu.

Na sa sunan Fatsuma a ƙarshe don gidanta ya fi nisa. Dalilin kenan.

Lahadi, 15 ga Janairu, bayan la'asar

Gida tara a kwana biyu. Na sayi sabon takalmi mai taushi. Malam na sauke ni a bakin titi in ya kai yara makaranta, sauran ni da ƙafata ne da hawa bene.

Kalmomin kira ba su bar bakina ba: "Salamu alaikum, Zumunta na kira, na zo da ƙafata." Gidan farko a Lungun Tanki, matar ta buɗe ƙofa ta ji haka sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Shekara guda ba wanda ya buga mata ƙofa da Hausa. Na sha shayi tara, amma Tanki namu ne. Nafissa ta zo ta danna wannan a waya in gani.

Talata, 17 ga Janairu, da azahar

Malam ya bi da mu ta gefen Karantina don ya rage hanya. Na ce ya taka mota.

Alhamis, 19 ga Janairu, kafin magariba

Ammariyya, wurin Inna Bashira ta Bayan Masallaci. Hawa huɗu, ba lif. Idonta ya kusa tafiya, wayarta irin mai madanni ce, ba ta cikin guruf, ba ta ma san da shi ba. Da muryata ta gane ni.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Aissa, ashe kina raye. Mariyamu sai da ta kwana tara a ƙasa na ji. A bakin mai kawo mana gas na ji. Ni da muka wanke mata ɗari tare."

Na ce mata shayin ya yi daɗi.

Ta ce, "Ban tambaye ki ba, kada ki ji tsoro. Me ya kawo ki?"

Na yi mata kira, na ba ta labarin komitiya. Ta sa na maimaita kalmar sau uku, tana tauna ta. Ta ce, "Tafiya tare. To ai jana'iza kenan. Rumawan nan suna da hankali." Ta ce ko a kujera za a sauko da ita sai ta zo.

Da na sauko na zauna a matakala ta biyu na ɗan jima. Gwiwa ce.

Asabar, 21 ga Janairu, da yamma

Maɗinka sun ƙi. Sun karɓe ni da kyau, sun ce za su zo, amma rufewa za su ce. Masu Tsire dangin Nafissa ne, ban sa rai ba. Ruba ma ta gaya mini a fili: aiki take a shago daga safe zuwa dare, ba za ta ɗauki alkawarin da ba za ta cika ba. Ta ce, "Khala, gara a ce babu, da a ce akwai mutum ya dogara a bar shi."

Lissafi mai sauƙi ne. Biyu namu, biyu nasu. A Lungun Inna ni a ci gaba, Ruba a rufe.

Saura gida ɗaya.

Litinin, 23 ga Janairu, da hantsi

Saura gida ɗaya. Yau akwai wanki.

Laraba, 25 ga Janairu, bayan azahar

Na sake karanta darasin, ko Rumawa sun bar wata ƙofa ga mai kiran da ya tsallake gida. Ba su bari ba. Malam ya ce, "Gobe ƙarfe takwas ina ƙofa. In ba ki fito ba zan yi ta hon har maƙwabta su fito da ke."

Alhamis, 26 ga Janairu, bayan la'asar

Na je.

Shekara ashirin da shida bangonmu ɗaya da su. Ta bangon nan Inna ke miƙo mini gishiri. Yau sai da na nuna wa mai gadi takarda kafin ya gane gidan da nake nema.

Fatsuma ta buɗe ƙofa rabi. Ta rame. Na ce, "Salamu alaikum, Zumunta na kira, Asabar bayan la'asar a gidan Hajiya Hind. Na zo da ƙafata."

Ta amsa sallama. Ta dubi takalmina ta ce, "Yaya Aissa, yau kina da ƙafa?"

Ta rufe ƙofar a hankali, ba ta buga ba. Da ta buga da na fi jin sauƙi.

Amma an yi kira. Gida talatin da uku, ba wanda na tsallake. Wannan ba mai ƙwace mini shi.

Asabar, 28 ga Janairu, da safe

Hadari ya haɗu ta wajen teku. Nafissa ta aiko mini da hoton sama, ba ta rubuta komai ba. Ya Allah, camfin arna ne, na sani, amma ka riƙe mini tsawar nan zuwa magariba.

Lahadi, 29 ga Janairu, bayan asuba

Jiya ban rubuta ba. Yanzu zan rubuta.

Mata talatin da ɗaya suka zo. Malam ya yi sawu uku. Inna Bashira a kujerar roba jikokinta suka sauko da ita, ta shigo tana tambayar wa ke nan, wa ke nan, ana faɗa mata sunaye. Rabin sa'a aka yi ba a ji komai sai gaisuwa da kuka. Na ɗaura igiyar shanya na raba tsakar gidan kashi biyar, don darasin ya ce Rumawa ma da shinge suke raba unguwanninsu. Ana dariya ana shiga. Wata ta manta lungunta, maƙwabtanta suka jawo ta da mayafi. Sama ta yi baƙi amma ta yi shiru.

Fatsuma ta zo a ƙarshe, ita kaɗai, ba ta shiga motar Malam ba. Ta tsaya a igiyarmu, ni a dama Ruba a hagu.

Hajiya Hind ta kira lungu lungu. Tanki, a bari ta ci gaba. Maɗinka, a rufe. Masu Tsire, a rufe. Bayan Masallaci, Inna Bashira ta ce a bari tun kafin a gama tambaya. Sai aka zo kanmu.

Fatsuma ta ce, "Kafin in yi magana, Yaya Aissa ta faɗa wa taro wa ya wanke uwata."

Sati uku ina kewaye wannan a littafin nan. Bari in rubuta shi yadda na faɗa.

Na ce, "Ban san sunansu ba. Ma'aikatan gidan wankan gawa ne, baƙi. Fatsuma ta kira ni da asuba ta ce Inna ta cika. Ni ce mai kira. Na ga gidaje sun yi nisa, na rubuta a guruf. Kafin in gama karin kumallo mata ashirin da bakwai sun rubuta Allah ya jiƙanta. Na ga haka na ce ai wurin ya cika, in gama aiki in bi su. Na isa an riga an kai ta. Ba wadda ta je. Matar da ta wanke mana iyaye, 'yarta kaɗai ce a kanta."

Sai wata daga Maɗinka ta ce, "Ni ma na rubuta. Na ɗauka Aissa na can." Wata ta ce ita ma. Nafissa ta ce, "Ana awwal wahda, ni na fara rubutawa." Ashe abin da ya sa take son a rufe kenan. Ni da na ɗauka raini ne.

Fatsuma ta bari aka gama. Ta buɗe jakarta ta fito da moɗar Inna, tsohuwar moɗar ƙarfe da take zuba ruwan magarya da ita, wadda kowa a wurin ta sani. Ta ce, "Wata biyu ina neman wanda zan ba sadakarta, hannuna ya ƙi. A bari Zumunta ta ci gaba. Amma ban yafe a waya ba, kuma ba zan karɓi ta'aziyya a waya ba. Wadda ta rubuta ta zo gidana ta faɗa."

Hajiya Hind ta ce, "Uku da biyu. Zumunta na nan."

Wata irin guɗa aka yi wadda ban ji ba tun bikin ƙarshe a Karantina. Inna Bashira na buga sandarta a ƙasa. Na ci, kuma ban taɓa jin kunya da daɗi a haɗe haka ba.

Nafissa ce ta kawo doka mafi kyau, zan ba ta haƙƙinta. Ta ce daga yau in an yi rasuwa za ta rufe guruf, ba mai rubuta addu'a. Kalma ɗaya aka yarda a rubuta: na taso. Kowane lungu kuma ya ba da mace ɗaya da za ta bi tsofaffinsa da ƙafa. Ruba ta ce ita safiya take da ita kafin shago, a sa ta a safiya.

Ana gama sallar magariba aka yi tsawa, ruwa ya sauko. Nafissa ta dube ni. Na ce taro ya riga ya tashi, ko a Rum ba a komawa baya.

Laraba, 1 ga Fabrairu, da yamma

Ni da matan nan ashirin da bakwai muka je gidan Fatsuma, bayan wata biyu, muka yi zaman makoki. Mai gadin nan ya ɗauka biki ne.

Litinin, 6 ga Fabrairu, bayan azahar

Inna Bashira ta cika jiya da asuba.

Jikarta ta kira ni. Na sa takalmi kafin in ajiye wayar. Nafissa ta rufe guruf. Ina cikin motar Malam ina kallo yana shigowa: na taso, na taso, na taso. Na hau bene shida kafin hantsi, takalmin ya tsinke a na biyar na ƙarasa da safa.

A ƙofar gidan wanka ma'aikaciyar ta leƙo ta ga titi cike da baƙin mayafi ta ce, "Min hadi? Wace ce ta rasu haka?" Nafissa ta ce mata, "Ummana." Uwarmu.

Ta ce uku kawai za su shiga. Hajiya Hind ta zaɓi kanta, ta zaɓi Fatsuma. Na ja baya na tsaya a bango, don na san matsayina. Fatsuma ta shiga, sai ta dawo ƙofa ta miƙo mini moɗar.

Ta ce, "Yaya Aissa, zo ki zuba ruwa."

Na zuba.